Yadda Na Ɗauki Hoton 'Yan Tsakin Dinya a Fadamar Haɗeja da Nguru

Na yi shekaru ina ɗaukar hoton biki da suna a Kano kafin sha'awar tsuntsaye ta shige ni, kuma tun daga farko abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne in samu hoton 'yan tsakin dinya suna bin uwarsu a ruwa, a inda Allah ya ajiye su, ba a gidan zu ko a bayan gidan mai kiwo ba. Sai da na yi tafiya biyu, na kashe kuɗi da kwanaki, na kuma yi wani kuskure da har yau yake damuna, kafin buƙata ta biya. Ina rubuta abin da ya faru daki-daki ne domin wanda zai bi bayana ya rage wahala, kuma mafi muhimmanci kada ya jawo wa tsuntsayen asarar da na jawo musu.

Dinya ita ce mafi girma a cikin dangin agwagin daji na Afirka, domin namijinta yakan kai kilo 6 ko fiye, bayansa baƙi mai sheƙin kore, cikinsa fari, fuskarsa ja, kuma a gwiwar kowane fiffike akwai wani tsinin ƙashi da yake faɗa da shi. A ƙasarmu babu inda aka fi saninta kamar fadamar da ke tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da kogin Jama'are suke bazuwa cikin rairayi da kwari kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Chadi. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, sannan a 2008 aka ƙara da Dagona ta ƙasar Bade da Baturiya ta ƙasar Haɗeja. Duk wanda na tambaya a Kano can ya nuna mini, kuma duk cewa suka yi in bari sai hunturu, domin lokacin ne tsuntsaye ke cika fadamar.

Na ɗauki wannan shawara na tafi a watan Janairu, kuma a nan ne na yi asarar farko. Gaskiya suka faɗa cewa tsuntsaye suna cika wurin da hunturu, domin a lokacin ne baƙin agwagi da masu dogayen ƙafafu suke sauka daga Turai suna gudun sanyin can, kuma a watan ne masu ƙidayar tsuntsayen ruwa suke zuwa aikinsu na shekara-shekara. Na ga kirinjijiya garke-garke, na ga dinya manya suna kiwo daga nesa, amma na kwana huɗu ban ga ɗan tsako ko ɗaya ba, ga ƙurar hunturu ta sa duk hoton da na ɗauka ya fito fari-fari kamar an rufa masa mayafi. A rana ta huɗu ne wani dattijo masunci da na tarar yana gyaran koma ya tambaye ni abin da nake nema, da na gaya masa sai ya ce, "Malam, ka zo neman ɗanyen gero a watan da aka gama sussuka." Ya bayyana mini cewa dinya tana yin ƙwai ne idan damina ta kankama, ruwa ya malalo ciyawa ta rufe, kuma wanda ke son ganin tsaki ya zo daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba. Daga baya na tabbatar da lissafinsa: uwar tana yin ƙwai daga 6 zuwa 14 a cikin ciyawa mai duhu ko kogon itace, ta kwanta a kansu wajen wata guda, tsakin kuma sai sun haura wata biyu kafin su iya tashi sama. Ya ƙara da cewa zuwan ruwan kansa ba ya da rana tsayayye kamar da, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, saboda haka in riƙa bugo waya ina tambayar inda ruwa ya kai kafin in taso. Na karɓi lambar ɗansa, kuma wannan lamba ita ce abu mafi amfani da na koma gida da shi.

Tafiya ta biyu na fara shirinta tun watan Yuli da neman izini, domin a tafiyar farko na fahimci cewa fadamar ba ta mutum ɗaya ba ce. Akwai yankin da ke cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, Dagona tana ciki. Akwai gandayen da ke hannun jiha. Akwai kuma fadamun ƙauyuka waɗanda bulamai da sarakunan ruwa suke da ta cewa a kansu. Kowanne yana da ƙofarsa, kuma takardar wani ba lallai ta yi aiki a wurin wani ba. Na rubuta wasiƙar neman izini da Turanci, na faɗi sunana da sana'ata da kwanakin da nake so da abin da zan yi da hotunan, na haɗa da kwafin katin shaidar ɗan ƙasa da ƙananan hotunana guda 2. Wani abokin sana'a ya ba ni shawarar in rubuta jerin kayan aikina a takarda dabam, kowanne da lambar da ke jikinsa, kuma in yi kwafi 3 na komai. A lokacin na ga kamar ɓata takarda ne, sai daga baya na ga amfaninsa.

A mako na biyu na Satumba ɗan dattijon ya kira ni ya ce an fara ganin uwaye da tsaki a bayan gonakin shinkafa, sai na shiga mota daga Kano zuwa Haɗeja a kan naira 5,000, daga nan na sake wata motar zuwa garin da ofishin masu kula da gandun yankin yake. Na isa bayan azahar na tarar jami'in da ke sa hannu ya fita sintiri da yaransa, saboda lokacin ambaliya ne aiki ya yi musu yawa. Magatakarda ya karɓi wasiƙar ya buga mata hatimin karɓa, ya mayar mini da kwafi ɗaya, ya ce in dawo da safe. Na kama ɗaki a wani masauki a kan naira 8,000, na kwana da zullumin cewa kowace rana da ta wuce tsakin suna ƙara girma. Washegari da ƙarfe 9 na koma, na zauna a benci har wajen 11 kafin aka kira ni. Jami'in ya karanta wasiƙar a tsanake, sannan ya yi mini tambayoyi uku: ko hotunan na sayarwa ne ko na kaina, ko ina ɗauke da ɗan jirgin nan mai tashi da kamara, da kuma ko ina da niyyar zuwa wurin sheƙa. Na ce, "Yallaɓai, na kaina ne, ba ni da jirgi, kuma tsakin da suka riga suka sauka ruwa nake nema." Ya ce amsa ta uku ita ce ta fi masa muhimmanci, domin uwar da aka tayar daga kan ƙwai sau biyu tana iya barinsu gaba ɗaya, kuma sawun mutum a ciyawa hanya ce ga guza da hankaka da karnukan ƙauye. Na biya kuɗin shiga da na kamara a wurin mai karɓar kuɗi, aka ba ni rasit, aka buga wa wasiƙata hatimi, sannan aka haɗa ni da wani ma'aikacin gandu ɗan yankin da zai raka ni ƙauyen ya gabatar da ni. Kuɗin ofis bai kai abin da na kashe a mota ba, amma yana canjawa, saboda haka a tambaya kuma a tabbata an karɓi rasit.

A kan hanyar ƙauyen muka tarar da shingen jami'an tsaro, aka ce in buɗe jaka. Dogon gilashin kamarata mai milimita 400 baƙi ne kuma ya kusa tsawon damtse, wanda bai saba ganinsa ba dole ya tsaya ya duba, musamman a yankin da ya sha fama da matsalar tsaro. Na miƙa wasiƙa mai hatimi da rasit da jerin kayan, jami'in ya gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin gilashin, ya leƙa ta cikinsa, ya mayar mini ya ce Allah ya kiyaye hanya. Duk abin bai wuce minti 10 ba, kuma na tabbata da babu takardun nan da zai iya cin yinin. Daga bakin kwalta muka hau babura biyu a kan naira 2,000 kowanne, inda ruwa ya yanke hanya kuma muka tuɓe takalma muka tura.

Mun sauka a ƙofar gidan Bulama, na ajiye ƙwaryar goro na durƙusa na gaishe shi, ma'aikacin gandun ya yi bayanina. Bulama ya saurara har ƙarshe sannan ya tambaye ni ko gwamnati ce ta aiko ni in ƙirga tsuntsaye domin a hana su noma wani yanki. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni mai hoto ne kawai, ba ni da wani aike." Ya yi murmushi ya ce tsuntsun da na sha wannan tafiya dominsa shi ne yake sauka gonakin shinkafarsu da dare yana tattakewa yana ci, shi da jan baki su ne suke hana yaransu barci idan shinkafa ta fara nuna. Wannan magana ta gyara mini tunani, domin na zo ne ina ganin dinya abin sha'awa, na manta cewa a wurin mai gona tana iya zama asara. Ya kuma nuna mini inda kachala ta cinye, wannan doguwar ciyawar da ta toshe mashigai da yawa a fadamar tun da tafiyar ruwa ta canja, ya ce a ƙuruciyarsa duk wurin gonaki ne da wurin su. Daga nan ya aika aka kira Sarkin Ruwa, shi kuma ya ce tun da na riga na san dattijon nan, shi zai tuƙa ni. Muka yi ciniki a kan naira 6,000 kowace safiya, aka ba ni ɗakin baƙi a zauren Bulama ba tare da an karɓi ko kwabo ba.

Da yamma labari ya riga ya zaga ƙauyen, sai ga wasu yara biyu sun zo suna cewa idan ina so za su kamo mini tsakin gobe in ɗauke su yadda nake so, har su riƙe mini su a hannu. Ba da mugunta suka faɗa ba, taimako suke ganin za su yi, kuma ba zan ɓoye ba, na ɗan yi shiru kafin na ba su amsa, saboda na san wahalar da ke gabana. Na ce musu a'a, na kuma roƙi Bulama ya sanar cewa ba zan biya kowa kuɗin tsako ko ƙwai ba. Dalili shi ne idan baƙo ɗaya ya biya, an buɗe kasuwa ke nan, duk mai kamarar da ya zo bayana za a tarbe shi da tsaki a kwando, kuma tsakon da aka raba da uwarsa a wannan shekaru da wuya ya rayu.

Safiya ta farko muka fita bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Baba, wato dattijon masuncin, yana tsaye a bayan kwalekwale yana tura shi da gora, ni ina zaune a gaba, kamarar tana cikin bokitin fenti mai murfi saboda ruwa. Na sa farar riga, Baba ya dube ta bai ce komai ba. Muka ratsa ta cikin bado da burugu har wajen minti 40, sai ya tsayar da jirgin ya nuna da haɓa. Can gefen wani buɗaɗɗen ruwa, kimanin mita 60 daga inda muke, ga uwa tana tafe a hankali, tsaki 9 suna bin ta a jere, jikinsu rawaya-rawaya da ruwan ƙasa a baya, kowanne bai fi cikin tafin hannu ba. Na ɗaga kamara na ga sun yi ƙanana a cikin hoton, sai na ce, "Baba, matsa kaɗan." Ya ce, "Ɗana, ta gan mu." Na ga ta miƙe wuya ta daina kiwo, amma zumuɗin wata takwas na jira ya rufe mini ido, na sake cewa ya matsa, shi kuma saboda ni ne baƙo mai biya ya tura jirgin. Ba mu ci mita 15 ba uwar ta buga fiffike ta yi cikin kachala, tsakin suka watse, wasu suka nutse wasu suka shige ƙarƙashin ganyen bado. Ɗaya ya ɓullo a tsakiyar fili shi kaɗai yana kuka yana juyawa, kuma kafin in sauke kamarar daga idona shirwa ta sauko daga kan giyayya ta sure shi. Na gani da idona, kuma na san da muna inda Baba ya tsaya da farko da tsakon yana gefen uwarsa.

Muka juyo babu mai magana. Sai da muka kusa gaɓa Baba ya ce shirwa tana cin tsaki kullum, tarwaɗa ma tana ja daga ƙasa, cikin tara da wuya rabi su girma, amma wannan na yau mu muka miƙa mata. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi yi mini zafi. Na yini a zaure ban iya cin abinci sosai ba, har na yi tunanin haɗa kayana in koma Kano. Bayan la'asar na je gidansa na ce, "Baba, daga yau kai za ka faɗi yadda za a yi, ni in bi." Ya ce abu na farko in cire farar rigar nan, na biyu in daina tunanin zuwa wurinsu, domin dinya ba a zuwa wurinta, sai dai a riga ta zuwa inda za ta. Ya san wani ɗan tudu mai giyayya biyu inda ruwa ba ya da zurfi kuma ciyawa mai taushi ta fito, ya ce uwaye suna kawo tsaki kiwo wurin da hantsi.

Washegari da rana tsaka, lokacin da tsuntsayen suka shige inuwa, muka je tudun da lauje muka yanki kachala da kaba, muka kafa 'yar bukka wadda tsayinta bai wuce ƙugu ba, bakinta yana kallon yamma domin rana ta fito ta bayana ta haska abin da ke gabana. Muka shimfiɗa leda da tsohuwar tabarma, muka bar 'yar kafa daidai bakin gilashi, tazarar taƙi ɗaya daga saman ruwa. Baba ya ce a bar ta kwana 2 babu mai zuwa, har tsuntsaye su ɗauke ta kamar sauran tarkacen masunta da suka saba gani. Waɗannan kwanaki biyu na yi su ne ina cajin batura a wurin mai cajin waya da hasken rana a kan naira 200 kowanne, na aro wata tsohuwar riga mai ruwan ƙasa, na kuma ɗinka 'yar jaka na cika ta da gero domin in ɗora gilashin a kai, saboda abin kafa kamara mai ƙafa uku ba ya sauka ƙasa yadda nake buƙata kuma yana nutsewa a laka.

Safiya ta farko a bukkar Baba ya sauke ni da duhu ya tafi da jirgin, domin ya ce tsuntsu yana lura da jirgin da ya zo bai koma ba. Na kwanta rub da ciki daga wajen ƙarfe 5 da rabi har 10. Sauro ya ci ni ta cikin riga, matsattsaku biyu suka kama ni a ƙafa, wuyana ya ƙage, kuma abin da na gani shi ne zalɓe da kirinjijiya da wani guza da ya ratsa ta gabana. Safiya ta biyu wata uwa ta zo da tsaki, amma ta tsaya nesa tana kallon bukkar, ban ko taɓa kamarar ba, na bar ta ta yi kiwonta ta tafi. Wannan shi ne abu mafi wuya da na yi a duk tafiyar, kuma ina ganin shi ne ya buɗe mini abin da ya biyo baya.

A safiya ta uku, wajen ƙarfe 7 saura kwata, rana ta ɗan ɗago haskenta yana da laushi, na ji motsi a ciyawa ta hannun dama. Uwar ce ta fara fitowa, ta tsaya ta miƙe wuya na tsawon lokaci, sannan ta sunkuyar da kai ta fara tsinkar ciyawa, sai ga tsaki 7 sun biyo ta. Na riga na kashe ƙarar kamarar da fitilarta tun da duhu, na sa saurin ɗauka a kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa saboda tsako ba ya tsayawa wuri ɗaya, na kuma ɗan rage haske domin farin cikin uwar kada ya ƙone a hoton. Ban motsa gilashin ba sai lokacin da kanta yake ƙasa, idan ta ɗago in tsaya cak har numfashi ina riƙewa. A hankali kiwo ya jawo su har suka zo kimanin mita 8 daga bakin bukkar, ɗaya ma ya matso fiye da haka har kamarar ta kasa kama shi. A wannan tazara na ga abin da ban taɓa gani a hoton kowa ba: ɗigon ruwa yana tsayawa a kan gashinsu kamar ƙwayar tsakiya ba ya jiƙa su, suna kai wa ƙananan ƙwari cafka a kan ganyen bado suna kuskurewa, ɗaya ya hau kan ganye ya nutse da shi ya fito yana girgiza kai. Na sa ma'aunin kamarar a kan idon wanda ya fi kusa, domin idan ido bai fito tar ba hoton tsuntsu ya tashi a banza. Sun yi wajen minti 25 a gabana, na ɗauki hoto fiye da 300, sannan uwar ta ja su suka shige ciyawa da kansu ba tare da sun san da ni ba. Na ci gaba da kwanciya rabin sa'a bayan tafiyarsu, kuma a nan ne na lura hannuna yana rawa. Da Baba ya zo na nuna masa a bayan kamara, ya daɗe yana kallo, ya ce shekararsa sittin a ruwan nan bai taɓa ganin ƙwayar idon ɗan dinya ba.

Kafin in tafi muka rushe bukkar muka kwashe ledar, domin kada wani mai tarko ya gaje ta, tun da tsuntsayen sun riga sun yarda da wurin. Na yi wa Bulama da Sarkin Ruwa sallama, na biya ta ofishin na shaida wa jami'in cewa na fito, na kuma gaya masa abin da ya faru da tsakon farko ban rage komai ba. Da na yi lissafi, tafiya ta biyu ta ci mini kwana 9 da kusan naira 90,000, mafi yawa a kuɗin jirgi da mota da ɗan alherin da na yi wa ma'aikacin gandun da mutanen gidan da suka ciyar da ni. Cikin hotuna 300 ɗin, 11 ne na ga sun isa a nuna wa mutane. Bayan mako shida kuma na je asibiti aka gwada fitsarina saboda tsargiya, wadda ake ɗauka a irin wannan ruwan kwance, domin na shiga ruwan da ƙafa ba sau ɗaya ba. Wanda zai je ya nemi dogon takalmin roba, ya tafi da gidan sauro, kuma ya yi wannan gwaji ko bai ji komai a jikinsa ba.

Idan wani ya tambaye ni ta ina zai fara, zan ce ya fara da lokaci, domin takarda da kamara duk ba su da amfani idan ya zo a watan da babu tsaki, kuma mutumin da zai gaya masa lokacin gaskiya masunci ne da ke kwana a ruwan, ba mai ba da shawara daga birni ba. Sai takardu: wasiƙa mai hatimi, rasit, katin shaida da jerin kaya, kowanne da kwafi, a cikin leda. Ya ware kwana guda ko biyu domin ofis, kada ya lissafa su cikin kwanakin ɗaukar hoto. Takardar ofis kuma ba ta maye gurbin gaisuwar Bulama, domin wanda ya tsallake masu gari ba zai samu mai jirgin kirki ba, kuma ba zai san tudun da uwaye ke zuwa ba ko da zai shekara yana yawo.

Game da kusanci, wanda shi ne abin da ya kai ni, abin da na gane shi ne mita 60 da na bi su da jirgi ba ta ba ni hoto ko ɗaya ba sai gawar tsako, mita 8 kuwa su ne suka kawo kansu. Uwar tana faɗin iyakarta a fili ga mai lura: idan ta daina kiwo ta miƙe wuya, an riga an matso da yawa, abin yi shi ne a tsaya ko a ja da baya. Wanda gilashinsa bai kai milimita 300 ba ya haƙura da hoton nesa, ko ya aro, maimakon ya cike gibin da ƙafarsa. Kada a watsa musu hatsi domin a jawo su, saboda hakan yana koya musu yarda da mutum a wurin da ake farautarsu. Ban kuma rubuta sunan ƙauyen ko tudun ba a nan da gangan, haka ma na goge bayanin wuri daga jikin hotunan kafin in sa su a Facebook, domin ba duk mai ganin hoto ne yake zuwa da kamara ba.

A watan Disamba na wanke hotuna uku manya na sa musu gilashi na aika ta hannun direban motar Haɗeja, ɗaya na Bulama, ɗaya na ofishin, ɗaya na Baba. Ɗansa ya kira ni ya ce saƙo ya iso, Baba ya rataye nasa a zaure, kuma ya ce a gaya mini ruwa ya janye daga tudun, tsakin da suka rage sun tashi tun watan jiya, idan ina da niyyar dawowa in fara kira daga ƙarshen Agusta.